Robobi Bakwai na Baba

Ranar Lahadin da yara suka fara dogon hutu, Mama ta kwashe duk abin da ke kicin ta zube a tsakiyar falo. Zafi ya riga ya kankama. Matar da ke yi wa gidan girki ta tafi haihuwa, Mama kuma ta ce ba za ta nemi wata ba sai an koma makaranta. Wata biyu ne kacal, in ji ta, kuma a irin wannan zafi wa ke son tsayuwa gaban wuta sau uku a rana?

Mahaifinta yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana kallon aikin. Baba Mai Agogo ake ce masa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin karkarwar hannu ta tashe shi daga teburinsa. Shekara biyu ke nan yana zaune a gidan surukinsa, Injiniya, a ɗakin da ke jikin kicin.

Kafin la'asar kicin ya koma kamar kantin maganin da Mama ke aiki. A kantar ƙasa ga kwanduna biyu, ɗaya na 'yarta mai shekara goma sha shida da gidan ke kira Yaya, ɗaya na Auta mai shekara tara. An zuba musu biskit, gyaɗa da lemon kwali. A firji akwai yankakkiyar kankana, yogot, burodi a cikin roba, da dafaffen ƙwai, kowanne da harafin mai shi a jikin ɓawo. A firiza kuwa robobi ne a jere, masu murfi da maƙalai huɗu, kowace da takarda a manne. Bakwai na gefen dama an rubuta musu BABA.

"Baba, taso ka ga naka," in ji Mama. "Kowace rana ɗaya. Babu yaji, gishiri kaɗan, kuma na dafa ya yi laushi saboda haƙoranka. Ka ciro, ka buɗe, ka sa a injin ɗumama abinci, ka danna nan sau uku. Shi ke nan. Ba sai ka jira kowa ba."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka.

"Yanzu kowa sarkin kansa ne. Wanda ya ji yunwa, ga firji."

"Kaka, in ka taɓa kwandona kotu za ta raba mu," in ji Auta.

"Yaushe ka daina fitsarin kwance da za ka iya tsayuwa gaban alƙali?"

Aka yi dariya. Mama ta ɗauki hoton kantocin ta tura wa ƙawayenta.

Ranar Litinin da ƙarfe ɗaya da rabi Baba ya shiga kicin. Mama da Injiniya suna wurin aiki, Auta ya tafi darasin hutu, Yaya tana ɗakinta. Ya ciro roba ɗaya, sanyinta ya kama masa yatsu. Ya ajiye ta a kan tebur ya fara kokawa da maƙalan murfin. Yatsun da suka saba ɗaukar sukurun da bai kai ƙwayar shinkafa ba, yanzu sai su kama maƙali su zame. Ya duba agogonsa lokacin da na huɗun ya buɗe: minti ashirin da biyu.

Injin ɗumamar ba shi da maɓallin da yatsa zai ji, gilashi ne sumul. Ya danna inda yake zaton an nuna masa. Da injin ya yi ƙara ya tsaya, ya sa hannu ya ɗauko robar. Ta yi zafi kamar garwashi. Hannun ya karkata, miya ta zube a ƙasa, wata ta sauka a bayan ƙafarsa. Ya durƙusa ya goge abin da ya iya gogewa da tawul ɗinsa na wanka, ya koma ɗaki.

Da Mama ta dawo ƙarfe bakwai, maiƙon da ya rage ya kusa kayar da ita. Ta shigo ɗakinsa da sauri, ta duba ƙafar, ta shafa masa magani da hannunta.

"Daga yau kada ka ƙara taɓa injin nan, Baba. Ko butar shayi ban yarda ba. Yaya za ta riƙa ɗumama maka." Ta ɗaga murya. "Yaya! Kin ji ko?"

"Na ji," aka amsa daga cikin ɗaki.

Talata da Laraba Yaya ta kawo masa abinci. Alhamis ta manta. Ba ta tashi sai azahar, in ta tashi kuma kunnuwanta biyu a toshe suke da abin sauraron waƙa, ƙofarta a rufe. Sau biyu Baba yana zuwa bakin ƙofar. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Budurwa ce, kuma ɗakinta ne. Ya yi gyaran murya, ya ce "Yaya" a hankali, ya tsaya minti uku, ya koma.

A safiyar wannan Alhamis ɗin ne kuma ya ga surukinsa a kicin. Injiniya mutum ne mai ladabi. Ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi zafi. Sannan ya buɗe firiza, ya miƙa hannu gefen dama.

"Baba, zan ari ɗaya daga cikin naka in tafi da ita ofis. Na sauran yaji ya yi yawa, ka san gyambon cikin nan nawa. Ai da saura."

"Ɗauki mana. Ai gidanka ne."

Washegari Injiniya bai tambaya ba. Ya gaishe shi, ya ɗauka, ya sa a jaka. Da yamma yakan ajiye robar a wurin wanke-wanke.

Ranar Lahadi Mama ta jera robobi bakwai a kan tebur, babu komai a ciki.

"Ma sha Allah, Baba, ka cinye tas! Da can kullum sai mai girki ta dawo da rabin kwano. Ka ga amfanin tsari ko?"

Baba ya san lissafin. Ɗaya ta tafi ƙasa, uku sun tafi ofis, uku ya ci. Ya dubi Injiniya da ke karanta wani abu a wayarsa a falo. Ta yaya mutum zai kai ƙarar mai gida don ya ci abincin gidansa? Ya ce, "Hannunki akwai daɗi, Uwata."

A mako na biyu roba biyu ya ci. Ranar Juma'a Yaya ta tuna, ta buɗe firiza, ta ga gefen dama babu komai, ta ɗauka wani ya riga ya ba shi. Shayi da burodin da Mama ke ajiye masa da safe ma ya tsaya, domin abokiyar aikinta ta ɗauki hutu, ita ke buɗe kanti. Ta ce Yaya ta riƙa yi. Wata rana a yi, wata rana a'a.

Da dare babu zaman ci tare. Kowa ya dawo sai ya buɗe firji ya ɗauki abin da ransa ke so, ya tafi da shi gaban talabijin ko ɗaki. Mama takan leƙo da jaka a kafaɗa.

"Baba, ka ci abinci?"

"Sannu da aiki, Uwata. Ya hanya?"

Kafin ya rufe baki ta wuce banɗaki don ta watsa ruwa.

Firji a cike yake, ya sani. Yakan buɗe ya tsaya yana kallo, sanyin yana bugun fuskarsa. Sai dai komai da sunan mai shi. Ƙwai huɗu da harafin Yaya, huɗu da na Auta. Yogot an rubuta. Burodi yana cikin roba mai maƙalai, kuma kafin Laraba ya ƙare. Abin da kawai ke ɗauke da sunansa yana can sama, ya daskare kamar dutse, kuma an hana shi injin da zai narkar da shi.

Magani kam bai taɓa tsallakewa ba. Mama ta zuba masa na suga da na hawan jini a akwati mai gida bakwai, ta rubuta a jiki: BAYAN CIN ABINCI. Ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, ko minti ɗaya ba ya ƙarawa. Yana kora shi da ruwa.

A mako na uku ya taɓa kwandon Auta. Ya ɗauki biskit leda biyu, ya kai ɗaki, ya yanke bakin da ɗan almakashin da ke cikin gwangwanin kayan aikinsa, ya jiƙa a kofin ruwa ya sha. Da babu gara ba daɗi. Kwana uku yana haka. Rana ta huɗu da yamma ya ji gidan ya ɗauki hayaniya.

"Wallahi ba ni ba ne! Bibbiyu nake ɗauka!" Auta yana kuka. "Yaya ce take sace mini!"

"Ni? Me zan yi da biskit ɗin yara? Maƙaryaci kawai!"

"Ku rufe mini baki," in ji Mama. "Na mako guda na zuba, yau Alhamis babu. Aljanu ne suka cinye?"

Baba ya fito yana dafa bango.

"Uwata, ki bar su. Ni ne na ɗauka."

"Baba, don Allah kada ka kare su. Kullum kai ke ɓata yaran nan. Kai da ke da suga, me zai haɗa ka da biskit?"

"Da gaske nake."

"Na ji. Je ka huta." Ta juya ga yaran. "Tunda haka ne, kwanduna sun koma saman kabad. Kullum da safe zan ba kowa nasa a hannu."

Auta ya wuce ta gabansa yana share hawaye. "Na gode, Kaka, amma na san ita ce."

Ranar Lahadi ita ce ranar da Baba ke ƙoshi, domin Mama na gida tana girkin mako, takan zuba masa da zafinsa. A Lahadin ƙarshen mako na uku ya ci a hankali, ya ajiye cokali, ya gwada yi mata hannunka mai sanda.

"Uwata, da za a riƙa bar mini nawa a ƙasa, a kwano mai murfin ɗagawa, ba sai an daskarar ba."

"A zafin nan? Kwana biyu ya lalace, ka ci mu kwana a asibiti." Ta tsaya da ludayi a hannu. "Yaya ba ta ba ka ne?"

Yaya tana bakin wurin wanke-wanke. Ta juyo ta zuba masa ido, fuskarta ta sauya. Kwana uku da suka wuce an karɓe mata waya saboda biskit ɗin da shi ya sha. Injiniya kuma yana zaune a teburin, yana yanka kankana.

"Tana ba ni," in ji Baba.

"To, ka gani. In akwai abin da kake sha'awa ka faɗa, in ƙara a jerin cefane."

Yaya ta kawo masa abinci Litinin da Talata.

Asabar ta huɗu ƙawayen Mama biyu suka zo ganin kicin da idonsu. Suka buɗe kabad, suka buɗe firji, suna salati. Ɗaya ta ce ita ma gobe za ta sayi irin robobin, ta gaji da zama baiwar tukunya. Da za su tafi suka leƙa ɗakin Baba don gaisuwa. Babbar cikinsu ta daɗe tana kallonsa.

"Ke, Baba ya rame fa."

"Zafi ne," in ji Mama. "Kin san masu suga. Amma ci kam yana ci, roba bakwai duk mako."

"Tsufa ne," in ji Injiniya daga falo. "Wa kika ga ya yi ƙiba a shekara saba'in da takwas?"

Aka aiko masa da tuffa yankakkiya a faranti. Haƙora huɗu suka rage masa, kuma ba sa haɗuwa. Ya tsotsi yanka biyu har suka yi ja, ya nannaɗe sauran a takarda ya jefa a kwandon shara don kada a gani.

A wannan makon agogonsa ya fara zamewa daga wuyan hannu zuwa tsakiyar damtse. Ya ciro tsinken aikinsa ya huda wa maɗaurin sabon rami. Aikin da a da ba ya ɗaukarsa daƙiƙa goma, sai da ya ci rabin awa, ya kuma soki yatsa. Ya daina zama a bakin ƙofa. Sallah ma a zaune yake yi, domin in ya sunkuya ɗakin juyawa yake. Mafi yawan yini yana kwance yana sauraron kicin ta bango: buɗe firji, rufe firji, ƙarar injin ɗumama, ƙamshi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, sannan takun ƙafa ya yi nisa.

Ranar Laraba ta mako na biyar, rabonsa da abinci tun daren Lahadi, in ban da kofin shayi ranar Litinin. Ya sha magani ƙarfe takwas. Wajen sha biyu zufa ta fara keto masa, mai sanyi, ba irin ta zafi ba. Leɓɓansa suka yi nauyi. Ya kira Yaya sau biyu daga kan gado, muryar ba ta wuce ƙofa ba.

Ya ɗauki ƙaramin sukudirebansa ya bi bango zuwa kicin. Roba huɗu suka rage a gefen dama. Ya ciro ɗaya, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna a ƙasa ya jingina da firji. Ya sa bakin sukudireba ƙarƙashin maƙali ya ɓalle na farko, na biyu, na uku. Na huɗun ya karye. Shinkafa ce da miya, sun haɗe sun zama dunƙule guda, fari da ƙanƙara. Ya fara kankara da sukudireban yana kai ɓarɓashin baki.

Ƙarfe uku da minti goma Yaya ta fito ɗaukar yogot. Ƙofar firjin ta ƙi buɗuwa saboda kakanta yana kwance a jikinta.

Ya farfaɗo a asibiti da ƙarin ruwa a hannu. An ja labule kewaye da gadon, amma yana jin komai. Likitar mace ce, muryarta ba ta hawa ba ta sauka.

"Yaushe rabonsa da abinci?"

"Kullum yana ci," in ji Mama. "Roba bakwai duk mako. Ni nake dafawa da hannuna, kuma ni nake ganinsu babu komai a ciki."

"Wa ke zama da shi in yana ci?"

Mama ta dubi Yaya.

"Yaya ce ke ɗumama masa," in ji Mama.

"Ina yi," in ji Yaya. "Amma wani lokacin in na duba sai in ga sun ragu, sai in ɗauka ke kika ba shi kafin ki fita."

"Ni da nake fita ƙarfe bakwai? To wa ke cinyewa?"

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ni dai nakan ɗauki ɗaya wani lokaci. Da izininsa. Ga shi nan, a tambaye shi."

"Wani lokaci? Sau nawa?"

"Ina zan ƙirga? Ai ban san a ƙidaye suke ba. Na ɗauka kina ƙarawa. Kuma ke kika sallami mai girki, ba ni ba."

"Haihuwa ta tafi! In hana ta haihuwa?"

"Ku saurara," in ji likita. "Katinsa ya nuna wata biyu da suka wuce kilo sittin da ɗaya yake. Yau hamsin da biyu. Sugansa ya faɗi ne saboda yana shan magani ciki babu komai. Da an ƙara awa ɗaya, da wata maganar muke yi. Wannan yunwa ce."

"Likita, a gyara magana," in ji Injiniya. "Gidana ba a yunwa. Ki zo ki ga firjina. Abinci har zubarwa muke yi."

"Ban ce babu abinci a gidanka ba. Na ce babu a cikinsa."

Mama ta fashe da kuka. Can ta ɗaga labulen ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta kama hannunsa mara allura.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ni fa 'yarka ce. Kullum sai na tambaye ka. Me ya sa za ka yi mini haka? Yanzu me mutane za su ce?"

Ya dubi silin. Ya nemi abin da zai ce wanda ba zai taɓa mijinta ba, ba zai taɓa 'yarta ba, ba zai taɓa ita kanta ba. Bai samu ba.

"Ki yi haƙuri, Uwata," ya ce.

Kwana shida ya yi a asibitin. Sau uku a rana wata mata mai jiki, mai rabon abinci, takan turo keken kwanuka tana kiran lambar gado kamar mai kiran sunan 'yan aji. Ranar farko ta ajiye masa kwano ta wuce. Da ta dawo kwasa ta ga rabin abincin a kan zanin gado, cokali yana rawa a hannunsa.

"Gado na tara, kai kake ci ko katifa? Kawo cokalin nan."

"Ki bari, 'yata, kina da aiki."

"Aikin ke nan. Buɗe baki. Ni ba na mayar da kwano da abinci, sai a ce ban iya rabo ba."

Ta zauna a bakin gadon tana ba shi tana yi wa na gado na goma tsiya a kan munshari. Ba ta tashi ba sai da ta ga ƙasan kwano. Haka ta riƙa yi safe, rana da yamma. In ta shigo, da ido take bin gadaje, ta san wanda ya ci da wanda ya juya wa kwano baya. A kwana na huɗu Baba ya taka zuwa banɗaki ba tare da dafa bango ba.

Ranar da likita ta ce za a sallame shi, ya jira har Mama ta fita karɓo magani.

"Likita, ni fa har yanzu ina ɗan jin jiri."

Ta duba takardarsa. "Suganka ya daidaita, Baba. Jininka ma haka."

"Ko kwana uku a ƙara mini. Ba na damun kowa."

Ta ɗago ta dube shi. "Akwai mutum biyu a ƙasa suna jiran gadon nan. Na yi wa 'yarka magana sosai. Ta fahimta."

Mai rabon abinci ta same shi zaune da kayansa a leda.

"Gado na tara zai gudu ke nan. In ka koma ka riƙa buɗe baki, tsoho. Jariri ma sai ya yi kuka ake ba shi nono."

"Jariri a ɗakin uwarsa yake," in ji Baba. "Ni a gidan suruki nake."

Ta tura kekenta gaba.

Mama ta ɗauki hutun kwana uku. Ita ta riƙa dafa masa, ta zauna a gabansa har ya gama. Injiniya ya sayo sababbin robobi masu murfin murɗawa da katon ɗin madara. Yaya ba ta iya haɗa ido da shi, amma takan kawo ruwa ba a aike ta ba. A kowace safiya ta kwanakin nan uku, in Mama ta juya baya, Baba yakan zare yankan burodi ɗaya ya tura ƙarƙashin matashi, daga baya ya mayar da shi cikin gwangwanin kayan aiki.

Daren Lahadi Mama ta tara gidan a kicin. Ta manna babbar takarda a ƙofar firji, an ja layuka da jan biro da shuɗi.

"Matsalar da aka samu, ba a raba aikin ba ne. Yanzu ga shi a rubuce. Litinin Abbanku, zai dawo cin abincin rana. Talata Yaya. Laraba ni. Haka har Lahadi. Wanda ya ba Baba abinci ya sa alama a gidan ranarsa. Ba wanda zai ƙara cewa bai sani ba."

"Wannan tsari ya yi," in ji Injiniya.

Litinin da safe, bayan Mama ta fita, aka kira Injiniya a waya: wani aiki ya taso a wajen gari, sai dare. Ya rusuna ya gaida Baba a bakin ƙofa, ya tambayi ƙarfin jiki. Sannan ya tsaya gaban takardar yana sosa ƙeya. Ya ciro biro ya sa alama a gidan Litinin.

"Don kada maman yara ta dawo ta tayar da hankali," ya ce. "Zan yi wa Yaya saƙo in na hau hanya, ta ɗumama maka."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Baba.

Ƙarfe biyu saura kwata Yaya ta fito, kunnuwa a toshe. Baba yana zaune a bakin ƙofarsa. Ta tsaya gaban firji, ta bi takardar da yatsa, ta ga alamar. Ta juyo ta yi masa murmushi, ta ɗaga masa babban yatsa. Ya ce, "Yaya." Ta ɗauki yogot ɗinta ta koma ɗaki, ta rufe ƙofa.

Ya zauna har ƙarfe uku. Sannan ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya buɗe gwangwanin. Yanka uku ne, sun bushe, gefensu ya lanƙwashe. Ya zuba ruwa a kofi, ya ɗauki ɗaya zai jiƙa. Sai ya tsaya ya yi lissafi. Saura mako uku a koma makaranta.

Ya karya yankan biyu, ya mayar da rabi cikin gwangwani.